Bencin Tudu

Tudu, Akra
9 ga Afrilu, 1962

Zuwa ga Gwaggona Hajiya Barikisu, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da baƙin da ke sauka wurinki. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Gwaggo, abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa ya tabbata. Ranar Alhamis ma'aikatan gwamnati suka zo suka shafa jan fenti a bangon ofishinmu na lodin motoci. Sabuwar hanya za ta bi ta kansa, an ba mu zuwa ƙarshen Yuni. Maƙwabta suka taru suna salati suna tafa hannu, sai ka ce salati zai goge fenti. Ni kuwa washegari na hau mota na tafi Nima, na samo mana ɗakuna biyu a saman bene, a bakin babbar hanya, da tagogin gilashi da siminti a ƙasa.

Na tsara komai a takarda. Ranar Asabar 28 ga wata za mu rufe bayan azahar. Motar Osman direba za ta kwashi tebura biyu da tafireta da kabad da allon da ke ɗauke da sunan marigayi Baba. Lahadi a jera kaya, Litinin ƙarfe bakwai da rabi a buɗe. Fasinjan Tamale ko Bawku ko ɗaya ba zai rasa kujera ba, buhu ɗaya ba zai kwana a ƙasa ba. Na buga takardun sanarwa ɗari biyu da Turanci, na kuma sa a jarida.

Abu ɗaya ne ba zai bi mu ba: tsohon bencin nan na ƙarƙashin darbejiya, da masu zaman kashe wando a kansa. Shugabansu Tsoho Dramani shekara talatin ke nan yana tauna goronmu yana shan shayinmu, ba a taɓa ganinsa da alƙalami ba. Aikinsa duka shi ne ya karɓi wasiƙun da direbobi ke kawowa daga arewa, ya yi ta yawo da su cikin lungunan Zango yana gulma. Wasiƙun nan ma kyauta muke ɗauka, sai datti da hayaniya. Na gama da wannan. Mako biyu na yi ina rubuta sunan duk wanda ya zo karɓar wasiƙa, yanzu ina da rajista mai suna ɗari huɗu da goma sha biyu, a jere bi da bi. Mai wasiƙa ya hau bene, a duba sunansa, ya dangwala yatsa, ya tafi.

Na rubuto ne saboda Baba ya bar makullin ofis a ƙarƙashin ikonki har ranar da kika ga na isa. Ina jin ranar ta zo. Don Allah ki sa a rubuta amsa da boko, ajaminki yana ɓata mini lokaci.

Ki huta lafiya. Ni ne ɗanki mai biyayya,
Zuberu Iliasu, Manaja.

*

Kumasi
10 ga Zulƙida

Da sunan Allah. Daga Barikisu zuwa ga ɗan ƙanena Zuberu.

Gaisuwa da sa albarka. Ina gaishe da matarka, ina gaishe da Baba Dramani, wanda ka manta cewa ya girmi ubanka.

Takardarka ta iso. Sai da na kira yaron makarantar maƙwabta ya karanta mini sau biyu, don ban gane wane ne Manaja ba. Da ya bayyana mini sai na ce, ashe Zuberu ne, wanda na wanke wa kashi a bayan wannan darbejiyar. Amsa kuwa ga ta da hannuna, da rubutun da kakanka ya koya mini. In ya yi maka wuya ka zauna ka yi ta haɗa baƙi, ba inda za ka.

Tashi dole ne, ban ce a tsaya gaban katafila ba. Nima ma ba laifi, can mutanenmu suke cika yanzu. Amma bene? Ɗan dako da buhun gari a ka, shi zai hau maka matakala ya dangwala yatsa? Mai koko za ta bar tukunyarta a wuta ta zo a duba ta a littafi? Takardunka ɗari biyu na Turanci, na tabbata masu ƙosai sun gode, sun sami abin naɗi. Jarida kuma, gaya mini mutum ɗaya da ya taɓa shiga motarmu da jarida a hannu ba don ya shimfiɗa ya zauna ba.

Yanzu batun da ya fi ba ni haushi. Ubanka Iliasu mutum ne da ko ɓawon ayaba ba ya yar wa akuyar da ba tasa ba. Ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka me ya sa mutum irin wannan ya ciyar da Dramani shekara talatin? Wasiƙar da kake raina ita ce ke jawo fasinja. Wanda aka kai wa labarin gida har ƙofar ɗakinsa, ranar da zai tafi gida motarmu zai nema, kuma ta hannunmu zai aika da kaya. Mutanen Zango ba a littafi suke zaune ba. Yau mutum yana Sabon Zango, gobe ya yi faɗa da mai gida ya koma Mamobi. Dramani ya san wanda ya tashi, da wadda ta yi aure, da wanda yake ɓuya. Ka ɗauki bencin, ka ɗauki tsohon, ka nemi ɗaki a ƙasa.

Na san ba za ka ji ba, tun da ka fara ɗaure wuyanka da igiyar nan ta Turawa kunnenka ya toshe. To ka tashi yadda kake so, na yarda. Amma ga sharaɗina. Ranar da katafila ta rushe tsohon ofis zan zo Akra. In na tarar direbobi na tare da kai, makulli ya zama naka har abada. In na tarar sun watse, da hannuna zan sauke allon nan in kawo shi Kumasi in jingine a ɗakina. Ba zan bar sunan ƙanena a rataye a kan ɗakin da ba kowa ba.

Allah ya shirye ka. Wassalam.
Gwaggonka Barikisu.

*

Nima, Akra
3 ga Mayu, 1962

Zuwa ga Gwaggo Hajiya.

Bayan gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarki ta ɗauke ni awa guda, na kuwa karanta ta har ƙarshe.

Ina farin cikin sanar da ke cewa mun tare. Asabar ƙarfe biyu muka rufe Tudu, Litinin ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar na buɗe Nima, wato da saura minti biyar a kan abin da na tsara. Kofi ɗaya bai fashe ba. Allon Baba yana can sama, daga bakin kasuwa ana hango shi. Da kin ga ofishin da kin janye rabin maganganunki.

Tsohon naki bai yi gardama ba. Da muna loda kaya yana zaune yana kallo, bakinsa jawur da goro. Na gaya masa cikin ladabi cewa aikin wasiƙa ya koma littafi, ya je ya huta. Ya tambaye ni ko zan bar masa bencin, na ce ya riƙe, dama katafila zan bar wa. Ya ce Allah ya sa a dace. Ko hannu bai sa mana a kaya ba.

Akwai 'yan ƙananan matsaloli irin na farkon kowane abu. Direbobi suna ƙunƙuni wai babu inuwa, wai babu wurin juya mota, wai kwatar da ke gaban gidan tana cika idan an yi ruwa. Kin san direba, ko a Aljanna aka ajiye shi zai ce hanya ba kyau. Osman ya kawo jakar wasiƙu jiya, na jera su a durowa, kowace a ƙarƙashin harafinta. Mutum bakwai suka hau karɓa. Uku daga ciki sunansu Musa Bawku, kowanne ya rantse tasa ce. Wannan ba laifin rajista ba ne, laifin mutanen da ba su da dabarar raɗa wa 'ya'yansu suna daban ne. Cikin wata ɗaya za su koyi tsari, ko suna so ko ba sa so.

Ki fara shirin zuwa ki miƙa makulli. A gaida mutanen gida.

Ɗanki,
Zuberu Iliasu, Manaja.

*

Kumasi
24 ga Zulhajji

Da sunan Allah. Daga Barikisu zuwa ga Zuberu.

Gaisuwa, da barka da salla, duk da kai ba ka ga dama ka aiko da taka ba. Shirunka na mako uku ya gaya mini abin da takardarka ba za ta faɗa ba, sauran kuma Osman ya cika mini.

Ya ce cikin direbobi tara, shi da wani guda ne kawai suke tsayawa Nima, su ma don kunyar kabarin ubanka. Sauran suna wucewa Tudu. A can, gefen bangon da aka shafa wa fenti, Dramani yana zaune a kan bencin da ka bar wa katafila. Su sauke masa wasiƙu, shi ya raba, fasinja kuma su taru a gindin bishiya su shiga mota ba tare da sun ga fuskar Manaja ba. Ya ce kai kuma kana sama kana goge tafireta. Ba kofi ɗaya da ya fashe, na taya ka murna.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Shekaranjiya wani mai goro daga Bawku ya sauka gidana. Muna hira ya kawo labarin wata mata, Sahadatu, mai sayar da wake da shinkafa a Akra. Ya ce duk unguwarsu ana tsine mata. Uwarta ta kwanta ciwo, yayanta ya rubuta mata ta taho, aka ba Osman takardar hannu da hannu. Tsohuwa ta yi mako biyu tana juya fuska ƙofa duk lokacin da ta ji ƙarar mota. Kwana biyu bayan salla ta cika. Sahadatu ba ta zo ba, ba ta aiko ba, har yau ko gaisuwar mutuwa. Suna cewa Akra ta cinye ta.

Na kira Osman na tambaye shi. Ya rantse da Allah cewa takardar tana cikin jakar da ya hau bene da ita ya damƙa maka, a makon da ka tare. Na ƙirga da yatsuna. Da an kai mata a ranar, da ta sami uwarta da rai, har ta yi jinyar kwana goma.

Shekara talatin ofishin nan bai taɓa kwana da labarin ciwo ko na mutuwa ba. Dramani ko karatu bai iya ba, amma yakan tambayi direba wacce ce mai zafi, ya fara da ita ko ana ruwa. Kai da ka yi makaranta har aji goma, ina takardar matar nan? Duba ƙarƙashin harafinta, tunda ka ce kowace tana da harafi.

Kada ka amsa mini da tsari da minti. Ka nemo ta ka kai da ƙafarka.

Wassalam.
Barikisu.

*

Nima
4 ga Yuni, 1962

Gwaggo,

Bayan gaisuwa. Na sami takardar. Tana cikin durowa ta uku, inda na sa ta da hannuna. A bayan ambulan an rubuta Sahadatu mai wake, Akra, ta hannun ofishin Iliasu. Babu lamba, babu unguwa. Na bi rajista daga farko har ƙarshe sau uku, babu Sahadatu ko ɗaya. Na yi ta zagin mutanen Bawku a raina, da irin rubutun adireshinsu, har na gaji. Da na ga zagin bai fito da matar ba, ranar Asabar da safe na hau mota na tafi Tudu.

An riga an cire rufin ofishinmu. Darbejiyar tana nan, bencin yana nan, motoci uku na direbobinmu suna lodi a gabansa. Da suka gan ni hira ta tsaya. Babu wanda ya matsa mini wurin zama. Na gaishe da Baba Dramani, ya amsa yana kallon takalmina. Na karanta masa abin da ke bayan ambulan. Bai ko yi tunani ba, ya ce da irin Hausarsa ta Zango:

"Sahadatu na Bawku ne. Ya tashi Nima tun azumi. Yana Mamobi, gidan Mosi mai nama, bayan masallaci."

Na ce ai babu ta a rajista. Direbobi suka fashe da dariya. Osman ne ya ji tausayina ya bayyana mini. Wai lokacin da na zauna da littafi da alƙalami ina tambayar kowa sunansa da garinsu, duk Zango ta ɗauka gwamnati ce ta sa ni, ko don haraji ko don a kori baƙi. Kowa ya ba ni sunan da ya zo bakinsa. Sahadatu ta ce mini Fulera. Wani ya ba ni sunan kakansa da ya mutu tun zamanin Jamus. Ɗari huɗu da goma sha biyu, Gwaggo, na buga su da tafireta, na ja layi da jan tawada. Baba Dramani yana zaune taku biyar daga teburina ana yi mini wannan, bai ankarar da ni ba. Na tambaye shi dalili, ya ce ban tambaye shi ba.

Na sami matar a ƙofar gidan da ya faɗa, tana zuba wa leburori abinci a ganye. Ba yarinya ba ce, za ta yi shekara arba'in. Da ta ji daga Bawku ne sai ta goge hannu a zane, ta ce, "Akawu, karanta mini." Da ajami aka rubuta. Na tsaya a gaban mutane ina haɗa baƙi ɗaya ɗaya kamar ɗan shekara bakwai. Takardar ta ce: Inna tana jin jiki. Kullum sunanki take kira. Ki taho da motar farko.

Kafin in kai ƙarshe ta riga ta kira maƙwabciyarta ta tsare mata tukunya. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin kaya, tana tambayata yaushe motar Osman za ta tashi, ko za a sami wuri a gaba don tana so ta kai wa Inna burodi kada ya lotse. Gwaggo, na so ƙasa ta tsage. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Na gaya mata abin da kika rubuto mini.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan ƙunshin. Sannan ta tambaye ni kwana nawa takardar ta yi a wurina. Na ce talatin da ɗaya. Ta ce a ina. Na ce a cikin durowa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da nake yi wa masu zaman benci, ta ce:

"Ka iya rubutu. Rubuta musu ka ce ban ƙi ba."

Na rubuta a nan tsaye. Na ce laifin ofishin Iliasu ne, na sa sunana. Jiya ta tafi da motar Osman, a kujerar gaba.

Sauran wasiƙun da ke durowa guda sittin da takwas ne. Na kwashe su na kai wa Baba Dramani, ya karɓa. Na yi magana da mai gidan Nima, ya yarda in sauko shagon ƙasa, akwai bishiyar mangwaro a gabansa. Na koma Tudu na roƙi tsohon ya dawo, na ce zan aiko mota ta ɗauko shi da bencin. Ya ce shi zai iya shiga mota, amma bencin bai taɓa shiga ba. Wai ranar da aka buɗe ofis, Baba ne ya ɗauko shi a ka tun daga wurin kafinta a Sabon Zango, ya ajiye, ya ce masa bisimilla. Ya ce inda bencin ya je nan zai zauna. Direbobi duk suna ji, sun kuma ce inda ya zauna nan za su tsaya.

Kin san abin da yake nufi. So yake in ratsa Akra da katako a ka kamar ɗan dako, kowa yana kallo. An ce katafila za ta iso layinmu cikin mako biyu. Yana jin maganarki. Don girman Allah ki rubuta masa layi biyu ya bar wannan rigimar.

Ki yafe mini. Ɗanki,
Zuberu.

*

Kumasi
3 ga Muharram

Da sunan Allah. Zuwa ga ɗana Zuberu.

Gaisuwa. Allah ya jiƙan uwar Sahadatu, ya ba 'yar tata haƙuri. Takardar da ka rubuta wa Bawku ita ce ta farko da ka yi wadda ubanka zai yarda a sa sunansa a kai.

Ba zan rubuta wa Dramani ba. Bai iya karatu ba, kuma bai faɗi abin da ba daidai ba. Ina wurin ranar da Iliasu ya ɗauko bencin nan, ni na naɗa masa gammo da ɗankwalina. Ya fi ka gajarta, ya kuma fi ka suna a gari, bencin kuwa bai kashe shi ba.

Daga Tudu zuwa Nima bai kai mil huɗu ba. Ka tafi da hantsi lokacin da kasuwa ta cika, ba da asuba a ɓoye ba. Ka kwance igiyar wuyan nan kada ta shaƙe ka a hanya. In ka sauke, ka bari tsohon ya fara zama.

Ga ɗankwali nan na ba Osman ya kawo maka. Makulli kuma yana nan a bakin zanena, zan zo da shi ranar da na faɗa. Abin da na tarar a gindin mangwaro shi zai nuna ko da shi zan koma.

Allah ya ba ka wuyan ɗauka. Wassalam.
Gwaggonka Barikisu.